George Harrison: Shiru-Shirun Beatles Da Na Gano A Taron Liverpool

 Yau ba labarin Kannywood na zo da shi ba, ba kuma sabuwar waƙa ba. Tarihin wani Bature zan ba ku, wanda ya mutu tun 2001, lokacin ni ina goye a bayan Umma. Ku daure ku karanta har ƙarshe, musamman ku masu haɗa kiɗa a situdiyo da masu rubuta waƙa a ba wani ya rera.

Kusan shekara guda ke nan ina Manchester wurin yayana, ina taya shi zaman shago. Akwai wani dattijo Bature, maƙwabcinmu, da nake kai wa saƙo gida, ni Baba nake ce masa, ya kuma saba da sunan. A ƙarshen watan Agusta ya same ni da tikiti biyu, wai matarsa an yi mata aikin gwiwa ba za ta iya tafiya ba, ko zan raka shi Liverpool taron masoyan Beatles. Gaskiya ni Liverpool ƙwallo kawai na sani da ita. Amma abin kyauta ne, ga shi tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, sai na ce mu je.

Sunan taron International Beatleweek, kowace shekara ake yin sa. Beatles ƙungiyar mawaƙa ce ta samari huɗu 'yan Liverpool: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr. Sun watse tun 1970, sama da shekara 50 ke nan, amma wallahi da ka shiga otal ɗin Adelphi ranar babban taron sai ka rantse jiya suka saki kundi. Ga tsofaffi da sanduna, ga 'yan mata sa'annin ƙanwata, ga makaɗa daga Brazil da Japan sun yi aski da shiga irin ta mutanen huɗu suna maimaita waƙoƙinsu. Ga tebura cike da tsofaffin fayafayai da hotuna da riguna, ana ta ciniki kamar Kantin Kwari.

Ina cikin zagaye sai kunnena ya jiyo wani sauti daga teburin wani mai sayar da faifai. Sitar ne da gangar tabla, sak irin kiɗan tsofaffin finafinan Indiya da Umma ke kunnawa muna yara. Na tsaya cak. Na tambayi Baba me ya kawo kiɗan Indiya nan, sai ya nuna min hoton wani siriri mai dogon gashi, ya ce aikin wannan ne, ƙaramin cikinsu. Daga ranar na shiga bin tarihinsa, ga abin da na samo.

An haifi George Harrison ranar 25 ga Fabrairu 1943 a wani ɗan ƙaramin gida mai lamba 12 a layin Arnold Grove, unguwar Wavertree a Liverpool. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Babansa aikin motar bas yake, mamansa kuma tana aiki a kanti. Gida ne na talakawa, ko banɗaki a waje yake. Karatu bai dame shi ba, hankalinsa na kan jita, har zanenta yake a bayan littattafan makaranta. Yana shekara 16 ya bar makaranta ya shiga koyon aikin wayarin ɗin lantarki a wani babban kanti. Da na karanta wannan sai na ji ashe ɗan gida ne.

A bas ɗin makaranta ya haɗu da Paul McCartney. Paul ne ya kai shi wurin John Lennon a 1958, John kuwa ya raina shi, yana ganin yaro ne ƙarami. Sai da ya kaɗa musu jita a saman bene na wata bas sannan aka karɓe shi. Wannan kallon ɗan ƙarami da aka fara yi masa bai rabu da shi ba har ƙungiyar ta watse. A 1960 suka tafi Hamburg ta Jamus suna kiɗa a gidajen rawa tsawon dare, amma a watan Nuwamba hukuma ta gano shekarunsa 17, aka koro shi gida shi kaɗai.

Ɗaukaka ta zo da gudu. Faifansu na farko ya fito a Oktoba 1962, kafin Fabrairu 1964 sun bayyana a wani shirin talabijin na Amurka da mutum kusan miliyan 73 suka kalla. Duk inda suka sauka 'yan mata na ihu har ba a jin kiɗan. George ne ya fi kowa gajiya da wannan hayaniya, 'yan jarida kuma suka laƙaba masa sunan shiru-shirun cikinsu. A Agusta 1966 suka daina yawon wasa gaba ɗaya.

Yanzu mu zo kan sitar, kuma masoya fim ku buɗe kunne, don a wurin ɗaukar fim abin ya faro. A 1965 suna aikin fim ɗinsu mai suna Help!, akwai wata fitowa a gidan abincin Indiyawa inda aka kawo makaɗa da kayansu. Nan ya ɗauki sitar ya jujjuya, abin ya shiga ransa. Ya sayi tasa, a shekarar ya saka sautinta a waƙar Norwegian Wood, abin da kunnen yawancin samarin Turai bai saba ji ba. A 1966 ya haɗu da babban gwanin sitar, Ravi Shankar. Duk da duniya na rububinsa, ya tafi Indiya ya zauna wajen mako shida a ƙasa gaban malami kamar kowane ɗalibi. Daga kiɗan ya zarce har ya rungumi addinin Hindu, a kansa ya rayu har ya mutu. Ku duba fa, a daidai shekarun da iyayenmu ke cika gidajen sinima a Kano don kallon Indiya, shi ma sautin ya kama shi a can.

To amma a cikin ƙungiyar akwai matsala. John da Paul su ne marubuta, sunansu ne a kan kusan komai. George in ya kawo waƙa sai an gama da nasu sannan a duba tasa, a kowane kundi yawanci ɗaya ko biyu ake ba shi. Cikin waƙoƙi sama da 200 da Beatles suka yi, 22 ne kacal nasa. Ba wai ba ya rubutawa ba ne, fili ne babu. Ranar 10 ga Janairu 1969 tura ta kai bango, ana cikin atisaye ya tattara jitarsa ya fice, sai bayan kwanaki aka lallaso shi. Duk wanda ya kalli Get Back, shirin gaskiya da Peter Jackson ya fitar a 2021, zai ga abin da idonsa.

Ya dawo, kuma a wannan shekarar ya ba su Something da Here Comes the Sun. Ta biyun a lambun abokinsa Eric Clapton ya tsara ta, ranar da ya gudu daga wani zaman lissafin kamfani. Yau ita ce waƙar Beatles da aka fi saurare a Spotify, a 2023 ta haura sau biliyan ɗaya, ta riga duk na John da Paul. Waƙar yaron da aka ce ya yi ƙanƙanta ke nan.

Da ƙungiyar ta watse a 1970, mutane sun zuba ido su ga me manyan biyu za su yi. Sai ga George a watan Nuwamba ya sako All Things Must Pass, kundi mai faifai uku rigis, da yawa daga cikin waƙoƙin waɗanda ya tara ne tun lokacin da ake ture su gefe. Shi ne na farko cikin huɗun da waƙarsa ta kaɗaici ta hau lamba ɗaya, wato My Sweet Lord. Sai dai ita ce kuma ta jawo masa shari'a. A 1976 alƙali a Amurka ya yanke cewa karin waƙar ya yi daidai da na wata tsohuwar waƙa, ya kwafa ba tare da ya ankara ba. Rigimar kuɗin ta ja sama da shekara 20. Masu ɗauko karin Indiya ku ɗora baiti a kai, ku ji da kyau.

Abin da ya fi burge ni shi ne na 1971. Yaƙi ya ɓarke a Gabashin Pakistan, wadda ta zama Bangladesh, mutane wajen miliyan 10 suka tsere zuwa Indiya cikin yunwa da cuta. Ravi Shankar ya kawo kuka wurin ɗalibinsa. Cikin 'yan makonni George ya haɗa wasa biyu a rana ɗaya, 1 ga Agusta, a zauren Madison Square Garden na New York. Mutum kusan 40,000 suka halarta, ya janyo Bob Dylan da Clapton da Ringo, kuma da kiɗan Indiya aka buɗe. An tara sama da dala 240,000 a ƙofa aka miƙa wa UNICEF. Kuɗin kundi da na fim ɗin, waɗanda suka fi yawa, sun maƙale shekaru saboda rikicin haraji. Duk da haka wannan ne ya buɗe hanyar manyan wasannin agaji da aka riƙa yi daga baya.

Ya taɓa harkarmu ta fim ma. A 1978 abokansa 'yan barkwanci na Monty Python na dab da fara ɗaukar fim, kamfanin da zai zuba kuɗi ya janye. George ya jinginar da gidansa ya biya, daga nan kamfanin HandMade Films ya samo asali. Sun yi finafinai sama da 20, ciki har da Time Bandits da Mona Lisa, a lokacin da masana'antar fim ta Ingila ke cikin ƙunci. Daga baya kamfanin ya ci masa dukiya mai yawa, aka sayar a 1994.

Ba waliyyi ba ne, kada ku ce na ce. Ya yi fama da shaye-shaye, aurensa na farko da Pattie Boyd ya mutu a 1977, ta koma ta auri Clapton, abin mamaki kuma abotarsu ba ta yanke ba. A 1978 ya auri Olivia, suka haifi ɗa ɗaya, Dhani. Bayan an harbe John Lennon a Disamba 1980 sai ya ƙara janye jiki, ya koma katafaren gidansa na Friar Park yana shuke-shuke da hannunsa, ya fi son a san shi da aikin lambu.

Ƙarshensa akwai ban tausayi. A 1997 aka gano ciwon daji a maƙogwaronsa, shi da kansa ya ɗora laifin a kan sigari. Ranar 30 ga Disamba 1999 wani mai taɓin hankali ya fasa gidan cikin dare ya caccaka masa wuƙa sau da dama, har ta huda huhu. Olivia ce ta cece shi, ta rufe mutumin da duka da fitila da ƙarfen gyara wuta. Ya tashi daga wannan, amma ciwon ya dawo. Ya mutu ranar 29 ga Nuwamba 2001 a Los Angeles yana da shekara 58. Aka ƙone gawarsa bisa addininsa, aka kai tokar Indiya.

Me ya sa na damu haka? Kafin na taho, na taɓa rubuta wa wani mawaƙi baitoci, ya ba ni kuɗin kati, waƙar ta zagaya gidajen biki, sunana ko a ƙarshen bidiyo babu. Haushi ya sa na yaga littafina na daina rubutu. George bai yaga nasa ba. Ya yi fushi, ya fice, ya dawo, amma bai daina tarawa ba, shi ya sa da ƙofa ta buɗe hannunsa cike yake. Na san shi yana da suna da kuɗi, mu ba mu da su, kuma ba kowane mai haƙuri ne ke shan romon dutse ba. Amma wanda ya daina rubutu, ko ƙofar ta buɗe da me zai shiga? Sannan kafin ka miƙa aikinka, a rubuta yarjejeniya, ko da ɗan uwanka ne.

Da yamma kafin mu kama jirgi Baba ya kai ni Arnold Grove. Ɗan lungu ne da ba ya ɓullewa, gidajen jan bulo manne da juna, an kafa shuɗin allo mai sunansa a bango. Akwai masu zama a ciki, don haka ba mu daɗe ba. A tashar jirgi na sayi sabon littafin rubutu.

Ku nemi Here Comes the Sun ku saurara, sannan ku faɗa min, a mawaƙanmu da makaɗanmu na gida wa kuke ganin an danne irin haka?