Roberto Clemente: Baƙon Pittsburgh Da Ya Rasu A Hanyar Kai Agaji

A wannan fitowa za mu ɗan yi nisa, mu leƙa ƙasar Amurka, mu ɗauko tarihin wani mutum da ya yi suna a wasan da yawancinmu ba mu taɓa kallo ba. Sunansa Roberto Clemente, kuma shekara 18 ya yi yana wasa a ƙungiya ɗaya tak, wato Pittsburgh Pirates, daga 1955 har zuwa 1972.

Sai mun fara gaya wa mai karatu yadda wasan yake, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Besbal ake ce masa, ana yin sa da ƙaramar ƙwallo mai tauri da kuma gora. Mutum tara-tara ne a kowane ɓangare. Ɗaya ya jefo ƙwallo da ƙarfi, ɗan ɗaya ɓangaren ya make ta da gora, ya sheƙa da gudu yana bin tashoshi huɗu da aka jera a fili. In ya kewayo ya dawo inda ya tashi, an ci ɗaya ke nan. Sauran abokan mai jifa suna warwatse a fili, aikinsu su cafe ƙwallon ko su jefa ta tasha kafin mai gudu ya isa. Clemente a can baya ta hannun dama yake tsayawa, kuma in ƙwallo ta shiga hannunsa masu gudu sukan shiga taitayinsu, don jifarsa ba ta kuskure.

An haife shi ran 18 ga Agusta 1934 a garin Carolina, cikin tsibirin Puerto Rico. Tsibirin yana ƙarƙashin Amurka, amma mutanensa Sifaniyanci suke yi. Mahaifinsa Melchor shugaban leburori ne a gonar rake, mahaifiyarsa kuma sunanta Luisa Walker. Shi ne auta, gidan kuwa ba na masu hali ba ne, don haka tun yana yaro yake ɗan dako yana samun na kashewa. A makaranta ya yi fice wajen jifar mashi, wanda ake ganin ya taimaka wa wannan hannu nasa. A 1952 ya shiga ƙungiyar Santurce ta can tsibirin.

To, ga inda labarin zai yi wa 'yan kasuwa daɗi. A farkon 1954 ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta ɗauke shi, ta ba shi dala 10,000 kuɗin sa hannu, ban da albashi. A dokar wancan zamani, duk yaron da aka ba fiye da dala 4,000, in ba a sa shi cikin babbar ƙungiya ba, to a ƙarshen shekara wata ƙungiya tana iya ɗauke shi. Dodgers suka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Montreal a ƙasar Kanada, inda ba a cika sa shi wasa ba, har mutane da yawa suka ce ɓoye shi ake yi kada masu ido su gani. Amma kaya mai kyau ba ya ɓoyuwa a kasuwa. Pirates su ne na ƙarshe a gasar shekarar, don haka su ke da zaɓin farko, suka ɗauke shi a watan Nuwamba 1954 a kan dala 4,000 kacal. Mu dai a wurinmu wannan ita ce asarar da ta ci riba ta haɗa da uwa. Manajan Pirates a lokacin kuwa shi ne Branch Rickey, mutumin da ya kawo Jackie Robinson cikin Dodgers a 1947, aka karya al'adar hana baƙar fata shiga babbar gasa.

Ya fara wasa a Pittsburgh a watan Afrilu 1955, yana ɗan shekara 20, daga baya aka ba shi lamba 21 a bayan riga. Kafin nan ya yi haɗarin mota a gida, ya samu ciwon baya wanda bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. Shekarun farko bai yi wani abin a zo a gani ba, ga ciwo, ga kaɗaici, ga Turancin bai zauna ba.

Abin da ya gani a ƙasar mutane ya fi ciwon bayan zafi. In ƙungiya ta je horo a garin Fort Myers na jihar Fulorida, Turawa su sauka a otal, shi da sauran baƙaƙe a rarraba su gidajen baƙaƙen unguwa. In aka tsaya cin abinci a hanya, su zauna cikin mota sai an miƙo musu. Clemente ya ƙi yarda da wannan, ya dinga magana har hukumar ƙungiyar ta samo musu motar kansu. 'Yan jarida kuma suka riƙa rubuta maganarsa yadda harshensa ke karyewa, don masu karatu su yi dariya. Suka yanke masa suna, suna ce masa Bob, har a jikin katin hotonsa da ake sayarwa, shi kuwa ya nace sunan da iyayensa suka raɗa masa Roberto ne. In ya ce bayansa na ciwo, su ce raki ne. Mu da muke neman abinci a garin da ba da harshensa muka tashi ba, ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba, kowa ya san yadda ake ji in ana kwaikwayon maganarka a gabanka.

A 1960 Pirates suka kai wasan ƙarshe na ƙasa, wanda ake kira World Series, inda ake karawa har sau bakwai, wanda ya riga cin huɗu ya ɗauki kofi. Suka doke New York Yankees a karawa ta bakwai, da bugun Bill Mazeroski wanda har yau ake labarinsa a Pittsburgh. Clemente ya yi bugu mai kyau a duk karawa bakwai ɗin. Amma da 'yan jarida suka zo zaɓen gwarzon shekara, sai suka ba abokin wasansa Dick Groat, shi kuma suka ajiye shi na takwas. Abin ya ci masa rai ƙwarai. A ganinmu Groat ya yi ƙoƙari, amma na takwas ɗin nan akwai son kai a ciki.

Daga nan sai ya zama kamar an zuga shi. Ya fi kowa matsakaicin bugu mai kyau a rukuninsu a 1961, 1964, 1965 da 1967. A 1966 aka ba shi gwarzon shekarar da aka hana shi a baya. Kyautar da ake ba wanda ya fi iya tsaron fili kuwa, sau 12 a jere ya karɓe ta, daga 1961 zuwa 1972. In aka haɗa lissafin shekarunsa duka, cikin kowane tsayuwa 1,000 da ya yi da gora ya samu 317, alhali a wannan wasa wanda ya kai 300 ma gwani ne. A watan Nuwamba 1964 ya auri Vera Zabala, 'yar garinsu, suka haifi 'ya'ya maza uku, kuma kowace haihuwa a Puerto Rico aka yi ta don haka yake so.

Ya san Martin Luther King, har ya taɓa saukar da shi a gonarsa. Da aka kashe King a watan Afrilu 1968, Clemente yana cikin 'yan wasan Pirates da suka tsaya kai da fata sai an ɗage wasan buɗe gasa har a yi jana'iza, kuma aka ɗage. Ran 1 ga Satumba 1971 kuma Pirates suka fito da mutum tara, duk baƙaƙe da 'yan Latin Amurka, abin da ba a taɓa gani ba a babbar gasa. Cikinsu akwai shi, da Willie Stargell, da Manny Sanguillen ɗan ƙasar Panama. A shekarar suka doke Baltimore Orioles suka sake ɗaukar kofi, aka zaɓi Clemente gwarzon gasar yana da shekara 37. Da aka miƙa masa abin magana a talabijin, duk Amurka na kallo, sai ya fara da Sifaniyanci, ya nemi albarkar iyayensa, sa'an nan ya juya Turanci.

Ran 30 ga Satumba 1972 ya yi bugu mai kyau na 3,000, a karawarsu da New York Mets. Shi ne mutum na 11 da ya kai wannan adadi, kuma a nan lissafin ya tsaya cif, ba ɗaya a kai.

Ran 23 ga Disamba 1972 girgizar ƙasa ta rushe Managuwa, babban birnin Nikaraguwa, dubban mutane suka mutu. Makonni kaɗan kafin nan Clemente ya je ƙasar da ƙungiyar samarin Puerto Rico, ya yi sabo da mutanen. Nan da nan ya shugabanci kwamitin tara gudummawa, ya yi watsi da bikin Kirsimeti, aka tara abinci da magani da tufafi, aka aika jirgi har sau uku. Sai labari ya dawo cewa sojojin Anastasio Somoza, wanda ke riƙe da ƙasar, suna karkatar da kayan, ba sa isa ga masu buƙata. Duk wanda ya taɓa aika kaya a mota ya san wannan ciwo, in ka ga ba sa isa, sai ka bi kayanka da kanka. Haka Clemente ya yi, yana ganin in yana wurin ba mai iya taɓa su.

Jirgin da aka samu haya tsohon DC-7 ne, wanda a farkon watan ma ya yi ɗan haɗari a filin jirgi, ba shi da cikakkun ma'aikata, ga shi an loda masa kaya fiye da ƙima da kusan tan biyu. Daren 31 ga Disamba 1972 ya tashi daga San Juan, bai yi nisa ba inji ya lalace, ya faɗa teku kusa da gaɓa. Mutum biyar ne a ciki, ba wanda ya fita. Sanguillen bai je taron addu'ar da aka yi masa ba, yana can yana nutso cikin ruwa yana neman abokinsa. An samu gawar direban jirgin, amma ta Clemente ba a same ta ba. Shekararsa 38.

A 1973 aka sa sunansa a zauren gwanayen besbal da ke Cooperstown, ba a jira shekara biyar da doka ta ce ba, shi ne ɗan Latin Amurka na farko da ya shiga. Pirates suka jingine lamba 21, ba wanda zai ƙara sa ta a ƙungiyar, kuma kyautar da ake ba ɗan wasan da ya fi taimakon jama'a aka mai da ta sunansa. Matarsa Vera ta ci gaba da aikin filin wasannin yara da ya yi burin ginawa a Carolina, ta rasu a 2019. A Pittsburgh kuwa gadar da ake bi a shiga filin wasan Pirates sunansa gare ta, katangar da ke bayan wurin tsayuwarsa ta hannun dama kuma tsawonta ƙafa 21.