MUHAMMADU AL-KATSINAWI: MASANIN LISSAFI DA YA RASU A MISIRA

Daga Wakilinmu na Arewa, Beri, Kwantagora

Jama'armu mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, sau da yawa yaranku kan dawo daga makaranta suna kukan lissafi, har wasu iyaye su ɗauka abin na Turawa ne. To, ga tarihin wani ɗan ƙasarmu da ya shahara a wannan fanni tun Turawa ba su zo ƙasar Hausa ba.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne mutumin ƙasar Katsina, shi ya sa Larabawa suka san shi da Al-Fullani Al-Kashinawi. Ya yi karatu wurin manyan malamai, cikinsu har da Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi. Daga nan ya kama hanyar Makka, ya sauke farali, kana ya zauna a Alƙahira.

A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci, Bahjatul Afak, a kan ilmin haruffa da aufaƙu, watau abin da malamanmu na zaure ke kira hatimi. Ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai gida uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, yadda kowane layi, na tsaye da na kwance da na karkace, zai ba da jimla ɗaya.

Kada mai karatu ya zaci wasa ne. Ɗauki ƙaramin hatimi mai gida 9, a zuba masa 1 zuwa 9. Jimlarsu 45, layukan kwance kuwa uku ne, saboda haka kowane layi 15 ke nan. To, me zai zauna a tsakiya? Layi huɗu ne suka ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. A cikin wannan 60 kowane gida ya shigo sau ɗaya, amma na tsakiya ya shigo sau huɗu. Ɗebe 45, sai gidaje takwas na gefe su fita baki ɗaya, saura 15, watau gidan tsakiya sau uku. Ashe 5 ne, babu makawa. Wannan dabara ta haɗa lissafi da lissafi, a ɗebe wani daga wani har abin da ba a sani ba ya rage guda ɗaya, ita ce ake koya wa yaranku a sakandare cikin darasin aljabara.

A Alƙahira ya sauka gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, babban masanin taurari da lissafi, wanda ya ɗauki ilmi wurinsa. A gidan ne Allah Ya yi masa rasuwa a 1741, bayan ya ba mai masaukinsa amanar dukiyarsa da littattafansa. Ɗan wannan shehu, Abdurrahman Al-Jabarti, mashahurin marubucin tarihin Misira, shi ne ya adana labarinsa. A 1973 wata Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta kawo aikinsa cikin littafinta a kan lissafin mutanen Afirka.

Shi ma baƙo ne a ƙasar mutane kamar ku, ilminsa ya sa aka girmama shi. Idan yaro ya kawo aikin lissafi gida, a zana masa hatimin nan a bar shi ya nemo na tsakiya da kansa. Allah Ya jiƙan Malam Muhammadu, amin.