Tunawa Da Marigayiya Hajiya Gambo Sawaba

Da yawa daga cikinmu, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, mun san sunan Gambo Sawaba ne ta dalilin asibitin Ƙofar Gayan da ke Zariya, ko ta bakin 'yan'uwanmu mata da suka zauna a ɗakin kwanan da aka sa wa sunanta a Jami'ar Bayero. A aji kuwa, malamanmu na tarihi su gafarce ni, Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano muka haddace don jarrabawa, ita sai dai a ambace ta a wuce. Alhali duk macen Arewa da ta taɓa shiga layi ranar zaɓe da katinta a hannu, wannan baiwar Allah tana bin ta bashi.

An haife ta cikin 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, aka kira ta Gambo don ta biyo bayan tagwaye. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo Zariya, mahaifiyarta Fatima kuwa Banufiya ce. Ta fara makarantar En'e a Tudun Wada, amma karatun bai yi nisa ba, domin uban ya rasu a 1943, uwar ta bi shi bayan shekara uku. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi ya bar ta da ciki, bai sake waiwayo ta ba.

Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, Gambo tana da shekara 17. Ba a daɗe ba ta shiga reshen Zariya, har ta zama shugabar mata a Sabon Gari. Kirarin jam'iyyar, wato Sawaba, shi ne ya bi ta har ya danne sunan mahaifinta.

To, sai mu duba yadda zaɓe yake a lokacin, don a nan ne abin mamakin yake. A zaɓen 1951 hawa-hawa ake yi. Namiji mai biyan haraji ya zaɓi wakili a unguwa ko ƙauye, wakilan su zaɓi na samansu, haka har a kai matakin lardi, inda En'e take cusa nata mutanen. Saboda haka NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a Kano, amma da aka kai ƙarshe ba ta tsira da kujera ko ɗaya ba. Wannan talaka namiji ke nan. Mace kuwa ko matakin farko ba a bari ta taka ba. Ke nan Gambo ta yi shekara da shekaru tana hawa dandamali, tana neman wa maza ƙuri'ar da ita kanta ba ta da ikon jefawa.

A 1952 jam'iyya ta tura ta Kano. Tunda matan kulle ba sa zuwa lacca, sai ita ta riƙa bin su gida-gida tana yi musu bayani. Hukuma ta ji labari, aka kai ta gaban alƙali aka ɗaure ta, daga baya aka umarce ta da barin ƙasar Kano. Wannan shi ne farkon ɗauri 16 da ta sha a rayuwarta. Ban da kurkuku, 'yan bangar siyasa sun sha yi mata dūka, an kuma taɓa aske mata kai da fasasshiyar kwalba. Ta je har Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta ja ragamar matan Egba a rikicin haraji, ta ga yadda ake haɗa kan mata, ta dawo ta ci gaba.

Hujjar jam'iyyar NPC mai mulki ita ce addini da al'ada ba su yarda ba, lokaci kuma bai yi ba tukuna. Ba duka masana addini suka bi wannan ra'ayi ba. Malam Aminu Kano yakan kafa hujja da yadda Shehu Usmanu ya ilimantar da matansa da 'ya'yansa mata, Malam Isa Wali kuma ya yi rubuce-rubuce a jarida cikin 1956 a kan matsayin mace a Musulunci, har aka yi ta ce-ce-ku-ce. A wannan shekara ce Faransa ta ba kowane baligi, mace da namiji, ikon zaɓe a ƙasashen da take mulka, har da Nijar. Wato Bahaushiyar Maraɗi ta riga 'yar'uwarta ta Katsina da shekara ashirin, alhali addininsu ɗaya, al'adarsu ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959, wanda ya fid da gwamnatin da ta karɓi mulkin kai. Kujeru 312 ne a Majalisar Wakilai, aka ba Arewa 174 saboda yawan jama'arta. A wannan ƙidaya ba a bar mata a baya ba, kowace an lissafa ta. Da yawansu aka sami kujerun, amma ranar zaɓe matan Kudu suka fita suka jefa ƙuri'a, iyayenmu da kakanninmu suna gida. Haka aka sake yi a 1964. Ba na musun aikin da gwamnatin Sardauna ta yi wa Arewa, mu da muka ci moriyar makarantun gwamnati shaida ne, amma a wannan magana Gambo ce da gaskiya.

Har soja suka tumɓuke jamhuriya ta farko a 1966, zaɓaɓɓun 'yan majalisa ba su gyara dokar ba. Sai gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta buɗe wa matan Arewa ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da haƙƙin ga duk wanda ya kai shekara 18. Lokacin Gambo tana da shekara 46. A wannan karon ba ta bi Malam Aminu zuwa PRP ba, ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar ta ƙasa.

Ba ta tara dukiya da siyasa ba. Gidanta na Sabon Gari kullum cike yake da marayu da marasa galihu da take riƙo, ba ta tambayar ƙabilar kowa. Jikin da ya sha dūka da kurkuku ya yi ta damun ta da ciwo a ƙarshen rayuwarta. Allah Ya yi mata rasuwa cikin watan Oktoba 2001 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tana da shekara 68. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.