Rudolf Diesel da kan jirgin da ya gaza

Ina yaro a Farin Dutse, ƙarar injin niƙa ce ke tashe mu da safe, amma ban san cewa man dizal da muke kira gas sunan mutum ya ara ba. Mutumin shi ne Rudolf Diesel, Bajamushen da aka haifa a birnin Paris a 1858.

Ya yi karatun injiniya a Munich, inda ya lura cewa injin tururi na ɓarnatar da mafi yawan ƙarfin kwal ɗin da yake ci. Sai ya ƙirƙiro injin da ke matse iska har ta yi zafi, a fesa mata mai ya kama da wuta ba tare da fulogi ba. A 1897 injin ya yi aiki sosai a Augsburg. A baje kolin Paris na 1900 ma har da man gyaɗa aka tayar da irinsa.

A 1906 ya haɗa gwiwa da Adolf Klose da kamfanin Sulzer na Suwizalan don ƙera kan jirgin ƙasa. A 1912, shekara guda bayan dogo ya iso Kano, aka gwada shi tsakanin Winterthur da Romanshorn, nauyinsa tan 95. Aibinsa shi ne an haɗa injin da ƙafafun kai tsaye, alhali injin dizal ba ya iya jan kaya daga tsaye, sai an fara tura jirgin da matsattsiyar iska. Bai samu karɓuwa ba.

A watan Satumba na 1913 Diesel ya ɓace daga jirgin ruwa a hanyarsa ta zuwa Ingila, bashi ya yi masa katutu.

Magadansa ba su jefar da aikin ba, kuskuren suka bincika. Suka sa injin ya juya janareto, lantarki kuma ya juya ƙafafu. Irin wannan kan jirgi ne ya soma maye gurbin mai kwal a Nijeriya a shekarun 1950.

A nan gizo ke saƙar, ya mai karatu. Matasan Birnin Kudu da Gwaram nawa ne suka ƙera wani abu, ya tsaya a gwajin farko, muka yi musu dariya suka watsar? A ganina, da haka aka yi wa kan jirgin 1912, da har yau kwal muke shaƙa a tasha.