Choh Hao Li: Masanin da ya bi sawun sinadarin girman yara

Idan uwa ta kai ɗanta asibitin sha-ka-tafi a gari irin Kasuwan Magani da ke Ƙaramar Hukumar Kajuru, tana kukan sa'o'insa sun yi masa fintinkau a tsawo, abin da ma'aikacin lafiya ke fara zargi shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki, ko sikila, ko yawan gudawa. Galibi kuwa hakan ne. Sai dai akwai 'yan tsiraru da ke ci su ƙoshi, amma tsawon ya ƙi zuwa. Da yawa daga abin da likitoci suka sani game da irin waɗannan yara ya samo tushe ne daga aikin wani ɗan ƙasar Sin, Choh Hao Li.

An haifi Li a birnin Guangzhou a 1913. Ya kammala Jami'ar Nanking a 1933, sannan ya tafi Amurka, inda ya sami digirin digirgir a ilimin haɗa sinadarai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1938. A can ya shiga ɗakin binciken Farfesa Herbert Evans, ya duƙufa kan wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ake kira fituwitari. Ita ce ke fitar da sinadarin da ke umartar jiki ya girma.

A 1944 Li da Evans suka tace wannan sinadari daga fituwitarin shanu. An yi murna, amma da aka gwada shi a jikin yara bai tsinana komai ba. A 1956 Li ya tace na ɗan Adam, aka kuma tabbatar cewa na shanu ba ya yi wa mutum aiki. Shekara biyu bayan haka, likita Maurice Raben ya ba da rahoton wani matashi da ya ƙara tsawo bayan an yi masa allurar sinadarin ɗan Adam. Li ya sami lambar yabo ta Lasker a 1962, ya kuma harhaɗa sinadarin a ɗakin bincike a 1970. Tsarin da ya fara zanawa yana da kuskure, aka gyara shi a 1971, aka tabbatar sinadarin na da gaɓoɓi 191. Wannan bai sanyaya masa gwiwa ba, domin a 1976 ya gano wani sinadarin mai kashe raɗaɗi a fituwitarin raƙumi.

Ana cikin wannan tafiya, a 1966 likita Zvi Laron na Isra'ila ya bayyana wasu yara wadanni da suka rikita lissafi: sinadarin girma ya cika jininsu, amma ba sa girma. Daga baya aka gane cewa saƙon na fita, mai karɓarsa ne ya lalace. A jiki mai lafiya, sinadarin girma kan isa hanta, ita kuma ta fitar da wani sinadari mai suna IGF-1, wanda ke sa ƙashi ya miƙe. A jikin waɗannan yara hantar ba ta jin kiran. Ana gadon larurar ne idan uwa da uba duka suna ɗauke da ita, shi ya sa ta fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita. Yi wa irin wannan yaro allurar sinadarin girma asarar kuɗi ne da lokaci.

Nan ma Li ya bar sawu. A 1983 shi da abokan aikinsa suka harhaɗa IGF-1 a ɗakin bincike. Ya rasu ranar 28 ga Nuwamba, 1987, bai ga lokacin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar IGF-1 a 2005 ba. Ana yin ta sau biyu a rana tare da cin abinci, domin tana iya karya sukarin jini, kuma ba ta da amfani bayan ƙasusuwa sun gama rufewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gano larurar na buƙatar auna sinadaran biyu a jini da hoton ƙashin hannu, aikin da sai manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Amma yaro ba zai isa can ba sai wani ya riƙa auna tsawonsa yana rubutawa a kati, har ya lura an bar shi a baya. Masu tsara kasafin lafiya a Abuja su tuna cewa amfanin aikin da Li ya shafe kusan shekara 50 yana yi ba zai kai ga yaron Kasuwan Magani ba, muddin asibitin garinsu ba shi da allon awon tsawo da ma'aikacin da ya san lokacin da zai tura yaro gaba.