William Wilberforce: Ɗan Majalisar Da Ya Sha Kaye Bai Daina Ba

Marigayi William Wilberforce ya yi shekara kusan 45 yana wakilci a majalisar dokokin Birtaniya, daga 1780 zuwa 1825, bai taɓa riƙe muƙamin minista ba ko sau ɗaya. Duk da haka sunansa ya fi na yawancin ministocin zamaninsa tsawon rai, domin shi ne ya riƙe maganar hana cinikin bayi a majalisa har aka yi doka. Wanda ke so ya san ko wane irin mutum ne shi, sai ya bi ƙuri'un da ya jefa ɗaya bayan ɗaya, masu daɗin ji da marasa daɗin ji.

An haife shi ranar 24 ga Agusta, 1759, a garin Hull da ke bakin teku a Ingila, a gidan attajirai. Ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, ya kuma ƙulla abota da William Pitt, wanda daga baya ya zama firayim minista. A 1780, yana da shekara 21, ya ci kujerar Hull bayan ya kashe fiye da fam 8,000, domin a wancan zamani sayen ƙuri'a abu ne da aka saba. A 1784 ya ci kujerar yankin Yorkshire, wadda take cikin manyan kujerun ƙasar. A shekarunsa na farko an fi saninsa da iya magana, da zaƙin murya, da zaman hira da caca a kulob-kulob na Landan.

Tsakanin 1784 da 1785 ya yi tafiya a ƙasashen Turai tare da wani malami mai suna Isaac Milner, suna karatun Sabon Alkawari suna tattaunawa a hanya. Daga nan zuciyarsa ta juya, ya tuba, har ya yi tunanin barin siyasa gaba ɗaya. Sai ya je neman shawara wurin Fasto John Newton, wanda a dā kyaftin ne na jirgin bayi kafin ya zama mai wa'azi. Newton ya ba shi shawara ya zauna a majalisa ya bauta wa Allah daga kan kujerarsa. Ya kuwa bi shawarar.

A lokacin nan jiragen Birtaniya suna kwasar dubban mutane kowace shekara daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa gonakin rake na tsibiran Karibiyan. A watan Mayu na 1787 mutum 12 suka kafa ƙungiyar yaƙi da wannan ciniki, tara daga cikinsu 'yan ɗarikar Kweka ne, waɗanda ba su da hanyar shiga majalisa a zamanin. Thomas Clarkson ya bi tashoshin jiragen ruwa na Bristol da Liverpool yana tattara shaida daga bakin ma'aikatan jirgi. Olaudah Equiano, wanda shi kansa ya ɗanɗana bauta, ya buga tarihin rayuwarsa a 1789. Abin da ya rage musu shi ne baki a cikin majalisa, sai Wilberforce ya karɓi wannan kaya.

Ranar 12 ga Mayu, 1789, ya tashi ya yi jawabi na sama da awa uku, ya bayyana irin cushewar da ake yi wa bayi a cikin jirgi da yawan masu mutuwa a teku. Masu cin ribar cinikin suka nemi a ƙara sauraron shaidu, magana ta yi ta jan jiki har shekara biyu. A watan Afrilu na 1791 aka jefa ƙuri'a, aka kayar da shi 163 da 88. A 1792 jama'a suka aika wa majalisa takardun koke sama da 500, mutane da yawa kuma suka daina shan sukarin da bayi suka noma. Sai wani minista, Henry Dundas, ya kawo gyara cewa a hana cinikin sannu a hankali. An amince da haka 230 da 85, amma da batun ya isa majalisar dattawa ta masu sarauta, sai ya maƙale a can.

A 1793 yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Faransa, aka shiga kallon duk mai neman gyara kamar mai goyon bayan juyin juya hali. A shekarar ya fāɗi da ratar ƙuri'a 8. A 1796 ya fāɗi 74 da 70, alhali wasu magoya bayansa sun tafi kallon wasan waƙa a daren da aka jefa ƙuri'ar. A 1804 shirin dokarsa ya wuce majalisar wakilai, amma lokaci ya ƙure kafin dattawa su duba shi. A 1805 aka sāke kayar da shi. Duk wannan yana fama da ciwon ciki da raunin ido, ga zagi daga masu gonakin rake.

Bayan rasuwar Pitt a farkon 1806, sabuwar gwamnatin Lord Grenville da Charles Fox ta rungumi maganar. Wani lauya abokin Wilberforce, James Stephen, ya kawo dabara: a fara da dokar hana 'yan Birtaniya kai bayi ƙasashen da ke hannun abokan gaba. Da yake ana cikin yaƙi, hana wannan doka wucewa ya yi wa 'yan adawa wuya, ta kuwa datse babban kaso na cinikin. Sa'an nan ranar 23 ga Fabrairu, 1807, majalisar wakilai ta amince da hana cinikin bayi da ƙuri'a 283 da 16. 'Yan majalisa suka miƙe suna yi masa tafi, shi kuwa yana zaune hawaye na zuba. Sarki ya ba da amincewarsa ranar 25 ga Maris. Shekara 18 ke nan daga jawabinsa na farko. Mahaƙurci mawadaci.

Akwai kuma ƙuri'un da suka nuna bai sayar da lamirinsa saboda abota ba. A tsakiyar yaƙi ya nemi gwamnatin Pitt ta yi sulhu da Faransa, abin da ya sa zumuncinsu ya yi sanyi na ɗan lokaci. A 1805 aka zargi Dundas, wanda a lokacin ake kira Lord Melville, na hannun daman Pitt, da sakaci da kuɗin rundunar sojan ruwa. Wilberforce ya yi magana ya goyi bayan a tsawata masa. Ƙuri'a ta zo kunnen doki, 216 da 216, kakakin majalisa ya raba gardama a kan Melville, ko da yake daga baya dattawa sun wanke shi. Har ila yau Wilberforce ya goyi bayan rage laifuffukan da ake rataye mutum a kansu, da kāre yaran da ake tura su cikin bututun hayaƙi su share, da hana azabtar da dabbobi. A 1813 ya yi ƙoƙari aka buɗe wa masu bishara ƙofar Indiya, ya kuma goyi bayan a bar 'yan Katolika su shiga majalisa.

Amma fa ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Wilberforce yana tsoron tarzoma ƙwarai, wannan tsoro kuwa ya bayyana a ƙuri'unsa. A 1795 ya goyi bayan dokokin taƙaita tarurrukan jama'a. A 1799 ya goyi bayan dokar hana ma'aikata haɗa kai su nemi ƙarin lada. A 1815 ya goyi bayan dokar hana shigo da hatsi mai araha, wadda ta sa burodi ya yi wa talaka tsada. A 1817 ya amince a riƙa tsare mutum ba tare da kai shi gaban alƙali ba. A 1819, da sojan doki suka afka wa taron masu neman gyaran zaɓe a Manchester, mutum fiye da goma suka mutu, ya ƙi yarda a yi bincike. Saboda haka marubuci William Cobbett ya zarge shi da tausayin bayin da ke nesa da mantawa da leburorin masaƙun Ingila. Zargin yana da zafi, amma ƙuri'un nan su suka ba shi ƙafar tsayawa.

Dokar 1807 ta hana ciniki ne kawai, waɗanda ke cikin bauta suna nan a ciki. A 1823 aka kafa sabuwar ƙungiya don kawar da bautar kanta. Da ƙarfinsa ya ragu, Wilberforce, wanda tun 1812 ya koma wakiltar ƙaramar mazaɓar Bramber, ya miƙa ragamar ga Thomas Fowell Buxton, ya bar majalisa a 1825. Bayin ma ba su zauna jira ba: a 1831 suka yi babban bore a Jamaika a ƙarƙashin Samuel Sharpe, wani dikon na ikkilisiyar Baftis, abin da ya girgiza Birtaniya. Ranar 26 ga Yuli, 1833, aka kawo wa Wilberforce labari cewa dokar 'yanta bayi za ta wuce. Bayan kwana uku, ranar 29 ga Yuli, ya rasu, aka binne shi a majami'ar Westminster kusa da Pitt. Dokar ta shafi mutum wajen 800,000. An biya iyayen gijinsu diyyar fam miliyan 20, su bayin kuwa ba a ba su ko anini ba, yawancinsu ma sai 1838 suka sami cikakken 'yanci.

Tasirin ƙuri'ar 1807 ya iso har ƙasarmu. A 1822 sojan ruwan Birtaniya suka tare wani jirgin bayi, a ciki akwai wani yaro Bayerabe mai suna Ajayi, aka sauke shi a Saliyo. Shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda ya yi karatu a hannun ƙungiyar CMS da Wilberforce ke cikin waɗanda suka kafa ta a 1799. A 1841 ya hau kogin Kwara tare da J. F. Schön, wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843. A 1864 Crowther ya zama bishop.

'Yan'uwa masu karatu, tarihin wannan bawan Allah yana koya mana yadda ake auna wakili. A tambaya wace magana ya kawo a majalisa, ko ya koma kanta bayan an kayar da shi, ko yana zaure ranar ƙuri'a, da kuma ɓangaren da ya tsaya sa'ad da maganar ta shafi maƙwabcinsa talaka. Wilberforce ya ci waɗansu tambayoyin, ya fāɗi a wata. Duk wanda ya zo neman ƙuri'armu, ko da ɗan ikkilisiyarmu ne, mu yi masa su duka.