Likita Mila na Zariya: Baturen da ya zo da labarin Sarki mai hawan jaki

A wannan fitowa filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe zai leƙa Zariya, wato tsohon gidan masu wannan gari da muke zaune a cikinsa. Duk wanda ya kwana biyu a Magajiya ya ji cewa sarakunan nan daga Zazzau suka taso bayan jihadi, kuma Abu Ja ne ya kafa garin a 1828, shi ya sa har yanzu ake cewa Sarkin Zazzau Suleja. To, wanda za mu kawo tarihinsa yau ba basarake ba ne, ba kuma Musulmi ba ne. Bature ne ɗan mishan, Dokta Walter Miller, wanda Zage-zagi suka fi sani da Likita Mila. Mun ɗauko shi ne domin a hannunsa Littafi Mai Tsarki na Kirista ya shigo harshen Hausa dukkansa, ga shi kuwa muna cuɗanya da masu wannan addini kullum a kasuwa da tasha da gidajen haya, amma da yawanmu ba mu taɓa jin abin da suke faɗi game da Almasihu ba.

An haifi Mila a ƙasar Ingila a shekarar 1872, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Maimakon ya zauna gida ya ci moriyar karatunsa, sai ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, wadda ta daɗe tana marmarin shiga ƙasar Hausa. Kafin ya taka ƙasar nan sai da aka tura shi Tarabulus ta Libiya, inda a wancan zamani akwai fatake da alhazai Hausawa, ya zauna cikinsu yana koyon harshe. A can ne ya haɗu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdulmajid Tafida, wanda daga baya ya zama ɗan gidansa kuma mataimakinsa wajen aikin fassara.

Yanzu bari mu ɗan tsaya mu duba saƙon da wannan likita ya ɗauko. A zamanin Annabi Isa, alaihissalam, Rumawa ne ke mulkin ƙasar Yahudawa, kuma da yawa daga cikin Yahudawan suna zuba ido ga zuwan wani sarki daga zuriyar Annabi Dawuda, wanda zai zare takobi ya kore musu baƙin haure. Kirista kuwa sun ce Almasihun ya zo, shi ne Yesu, amma ba da irin sarautar da ake tsammani ba. Suna kafa hujja da littafin Zakariya sura ta 9, inda aka yi zancen sarki mai tawali'u da zai shiga Urushalima a kan jaki ya kawar da kayan yaƙi, da kuma littafin Ishaya sura ta 9, inda suka samo laƙabin Sarkin Salama. A Linjilar Matiyu sura ta 21 an ba da labarin yadda ya shiga birnin a kan jaki jama'a na shimfiɗa masa tufafi da rassan itace, abin da har yau suke tunawa da shi ranar Lahadin da ke gabanin Ista, su fito riƙe da ganyen dabino. A Linjilar Yohanna sura ta 13 kuma aka ce ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. A wurinsu an gicciye shi da rawanin ƙaya a kansa, ya kuma tashi a rana ta uku.

Mu Musulmi mun san Almasihu ɗan Maryam a matsayin Manzon Allah mai girma, kuma Alƙur'ani ya karantar da mu cewa ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Nan ne hanyoyin biyu suka rabu, babu kuma amfanin a ɓoye wannan. Sai dai abin lura shi ne yadda labarin zai faɗa a kunnen Bahaushe. A wurinmu sarki da doki aka san shi, da laima da algaita da tambari, dogarai na gaba 'yan lifida na baya. Jaki kuwa na kai taki gona ne da ɗaukar kayan fatake. Ka ce wa Bakano ga Sarki nan tafe a kan jaki, ai sai ya zaci ba'a kake yi.

Da wannan labari Mila da abokansa huɗu suka taso daga Ikko a farkon 1900 a ƙarƙashin Bishop Tugwell. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su, amma da suka isa Kano, Sarki Alu Babba bai ba su fuska ba, ya sa suka fice daga birnin cikin 'yan kwanaki. Suka koma kudu suka yi zango a Girku, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu, sauran kuma ciwo ya sa su gaba har tafiyar ta watse. Shekara uku bayan haka, wato a 1903, sojojin Gwamna Lugga suka ci Kano da Sakkwato da bindiga. Ƙofar da aka rufe wa masu littafi, masu igwa ne suka ɓalle ta, kuma wannan abu ya bi Mila har ƙarshen rayuwarsa, domin mutane ba su ga dalilin da zai sa su raba Baturen wa'azi da Baturen mulki ba.

A 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, abin da ba a cika yarda wa 'yan mishan ba, tunda Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba. Nan ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta, yana wanke gyambo, yana koya wa yara karatu. Yana daga cikin waɗanda suka matsa a riƙa rubuta Hausa da boko maimakon ajami. Ya nemi gwamnati ta ba shi makarantar 'ya'yan sarakuna, amma ba a ga hikimar miƙa 'ya'yan Musulmi ga ɗan mishan ba, sai aka ba Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe tasa a Nasarawar Kano a 1909.

Gaskiyar magana, Likita Mila mutum ne mai tausayin talaka, amma kuma mai taurin kai da kaifin harshe. Bai iya ganin abin da ya ɗauka zalunci ne ya yi shiru ba, kuma yana da kunnen manyan Turawa. Ya daɗe yana kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, fitaccen marubucin waƙoƙin nan, a kan zargin cinikin bayi da danne talakawa, kuma ƙararrakin nasa na cikin abin da ya sa Turawa suka tuɓe Sarkin suka kai shi Lokoja, inda ya rasu a 1924. Masu yabon Mila sun ce ya tsaya wa marasa gata ne. Masu sukarsa sun ce wanda ya zo da labarin Sarki mai hawan jaki, ga shi ya ari dokin Nasara yana ture sarakuna. Kowane ɓangare yana da abin kamawa.

Waɗanda suka fi saurarensa ba mutanen fada ba ne. Tun wajen shekarun 1860 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi na musamman da jiran dawowarsa. Aka kashe shi a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka bazu wajen Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Mila, da dama suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu ya kashe da yawa, aka kwashe sauran aka dawo da su Zariya.

A 1929 mishan ta bar cikin birni ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausawa. Mila bai so wannan ƙaura ba. Sai ya koma Kano ya duƙufa kan fassara tare da mataimakansa Hausawa da wasu 'yan mishan, har aka buga cikakken littafin a 1932. Wannan fassara ta taimaka ƙwarai wajen mayar da Hausa harshen ibada a majami'un ƙabilu masu yawa na Filato da kudancin Zariya da Adamawa, mutanen da Hausa ba harshen gidansu ba ne.

Daɗin daɗawa, irin da ya shuka a 'yar makarantar nan ya yi yabanya. Daga wannan jama'a aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi shi da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma, wanda ya mulki ƙasar nan a waɗannan shekaru, a Wusasa ya tashi.

Mila ya ajiye aiki da CMS a 1935, amma zaman Ingila bai karɓe shi ba, ya sake dawowa ya zauna a Bukuru kusa da Jos. A littafin da ya buga a 1947 ya juya kan 'yan uwansa Turawa, yana tuhumar mulkinsu da jingina da sarakuna a bar talaka cikin jahilci. Ya rasu a 1952 yana da shekara 80.

Idan aka auna, abin da ya yi niyya tun farko, wato juya Hausawa ga addininsa, bai samu ba sai ɗan kaɗan, kuma rigimarsa da fada ta bar tabon da ya daɗe bai warke ba. Abin da ya wanzu shi ne aikin da ya yi a durƙushe: jinyar marasa lafiya, koyar da yara, da shekarun da ya kwashe yana neman kalmar Hausa da ta dace.

Mu a nan wannan ba zancen nesa ba ne. Mutanen Suleja ba su manta da ranar Kirsimetin 2011 ba, lokacin da aka tayar da bom a majami'ar St Theresa ta Madalla, mutane da dama suka hallaka, garin ya kwana cikin zullumi da zargin juna. Sanin abin da maƙwabcinka ya yi imani da shi ba ya rage maka naka, sai dai ya hana mai son zuciya yi maka ƙarya a kansa. Kirista na cewa Almasihu Sarkin Salama ne, mu kuma ba ma ambaton sunansa sai mun haɗa da roƙon aminci a gare shi. Mutanen da suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki sun san abin da suke faɗi.

Allah Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.